Ma'anar "kuruz", da abin da ya raba shi da fito

A teburin mai shayi na unguwarmu, nan Jekadafari a Gombe, wani yaro ya miƙo mini waya in ga hoton yayansa. Yana tsaye a bakin jirgin ruwa, iska ta cika masa riga, a ƙasa an rubuta "ana kuruz". Wani dattijo da ke gefe yana fifita shayinsa ya ce, "Kai yaro, ina ce kuruz zolaya ce? Jiya da kunnena na ji ka ce wa ƙaninka kuruz kake masa." Aka yi dariya, amma Baba bai yi kuskure ba.

Kalmar ta Turanci ce, su ma Turawan Ingila daga bakin mutanen Holan suka aro ta. A bakin matasan Najeriya, musamman a Facebook da TikTok, ta koma nufin wasa ko maganar da ba da gaske ake yi ba. Ma'anarta ta asali kuwa ita ce tafiya a jirgin ruwa don shaƙatawa da buɗe ido, ana yada zango a tasha ko tsibiri, a sauka a yi kallo, a koma jirgi a ci gaba.

Hanya mafi sauƙi ta gane kuruz ita ce a ajiye shi kusa da fito, wanda mu muka sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Kogin Gongola da damina ya ga mai fito: ka shiga kwalekwale da buhunka da babur ɗinka, ka biya, ya sauke ka a ƙetare. Buƙatarka tana can tsallake, ruwan kuwa cikas ne. A kuruz ruwan ne abin da ka biya kuɗi dominsa, kuma galibi tashar da ka taso nan za a dawo da kai. Shi ya sa yake da wuyar bayani ga iyayenmu. Ka ce za ka yi tafiya, a ce ina za ka, ka ce za ka zaga ne ka dawo. To, me ka je yi?

Akwai babba, akwai ƙarami. Babban shi ne wanda jirgin kansa ne masaukinka, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da shaguna, a yi mako ko fiye a teku. A 1900 aka fara ƙera jirgi musamman don wannan a Hambug ta Jamus. Yau akwai irin Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, tsawonsa kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000. Wannan sai masu hannu da shuni. Ƙaramin, wanda aljihun irinmu ke iya taɓawa, na 'yan sa'o'i ne a zaga tsibiran da ke kusa da gaɓa, kuma shi na taɓa yi.

Ni da wani aminina ɗan Bauchi muka yi shi a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya. Kafin ranar, ruwan da ya fi girma a idonsa shi ne dam ɗin Gubi. Daga tsohon garin Zanzibar, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, muka hau ƙaramin jirgin katako mai inji da rumfa zuwa tsibirin Changuu, tafiyar kamar rabin awa. Minti goma ba a yi ba mutumina ya daina surutu, ya riƙe katako da hannu biyu, bakinsa na motsi da addu'ar da Annabi Nuhu ya yi a jirgi. Mai jirgin ya miƙo mana rigunan kariya biyu, ɗaya igiyarta a tsinke. Na bar wa aminina mai kyaun, ba don jarunta ba, don na ga idonsa ya fi nawa ja. Ga mai niyya: a duba rigar tun ana bakin gaɓa, kuma kada a cika ciki kafin a hau.

Changuu ana kiransa tsibirin kurkuku, alhali ginin da aka yi a 1893 bai taɓa zama kurkuku ba, wurin killace masu cuta aka mayar da shi. Abin da ke jan mutane yanzu manyan kunkuru ne da aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seshel a 1919. Aminina, da hajijiya ta sake shi, ya durƙusa yana shafa wuyan wani yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai kai ka girmi kakana." Da muka komo gari aka kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, muka sunkuya muka shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ƙanƙanuwar taga. Daga nan har masauki babu wanda ya yi magana a cikinmu.

Yawancin tsibiran tarihi na gaɓar Afirka haka suke, kyawun wuri a waje, ɗacin labari a ciki. Gore, da ke gaban Dakar ta Senegal, tafiyar kamar minti 20 ce, babu mota a cikinsa, ga Gidan Bayi da ƙofarsa mai kallon teku, kodayake masana tarihi na jayayya kan yawan bayin da suka bi ta nan. A gida ma akwai Gberefu a Badagry ta Jihar Legas, inda ake tsallaka ruwa a taka da ƙafa har bakin teku, ta hanyar da bayi suka bi. A ganina da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan kuruz a irin waɗannan wurare fito ne kawai aka yi wa ado, aka ninka kuɗin.

Da na gama wannan bayani, Baba ya ajiye kofi. Ya ce mahaifinsa ma ya hau teku, lokacin da ake zuwa Makka ta ƙasa, a bi ta Borno da Chadi da Sudan har Sawakin, tsohon garin nan da ke kan tsibiri a Bahar Maliya, wanda aka gina gidajensa da duwatsun murjani. Daga nan suka shiga jirgi zuwa Jidda. Yaron ya ce, "Ashe Alhaji ma ya yi kuruz." Baba ya harare shi. "Shekara uku ya yi kafin ya dawo, ka kira shi kuruz? Mai shayi, ƙara mini ruwan zafi."