Na biya kuɗin haya amma na fasa shiga gidan, kuɗina za su dawo?

Na biya hayar shekara, ko tabarma ban kai gidan ba, sai aka yi mini canjin wurin aiki. Ba dole ba ne mai gida ya maido mini da kuɗina?

Ba dole ba ne, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Haya ta ƙullu tun ranar da kuka daidaita, ka biya, aka ba ka rasit, ba sai ka kwana a ciki ba. A fiƙihun Malikiyya ma, haya ciniki ce mai ɗaure ɓangare biyu. Ka tuna shi ma ya sallami masu nema saboda kai, wataƙila kuɗin naka tuni sun tafi fenti da gyaran rufi. Fara duba takardar yarjejeniya. In an rubuta sharaɗin fasawa, shi za a bi.

To mece ce mafita?

Sauri da lalama. Ka sanar da shi ranar da ka yanke shawara, a rubuce, ka miƙa makulli gaban shaida. In ka samo wanda zai maye gurbinka kuma mai gida ya amince da shi, yawanci magana ta ƙare. Shari'a na kiran wannan iƙala, wato warware ciniki da yardar juna, kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya karɓi fasawar ɗan'uwansa Musulmi. Ni dai ina ganin bai dace mai gida ya zuba sabon ɗan haya bayan mako biyu, sannan ya riƙe kuɗin shekarar wani ba.

Kafin alƙalami kawai na bayar fa?

Imam Malik bai halatta a cinye shi don an fasa ba, Hambaliyya kuwa sun halatta. Saboda haka ka nemi a maido maka.

La'adar dillali?

Da wuya ta dawo. Shi dai zai ce ya gama aikinsa.

In laifin daga mai gida ne?

Nan magana ta juya. In ranar shiga ta yi tsohon ɗan haya bai tashi ba, ko ba a yi gyaran da aka yi alkawari a rubuce ba, kana da hujjar neman kuɗinka. Ka ɗauki hoton gidan, ka adana saƙonninku na WhatsApp, ka fara da mai unguwa kafin kotu.