Maganin CAR-T na sankarar kaluluwa ga manya

CAR-T wata hanyar magani ce da ake ɗiban wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin mara lafiya, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, a gyara musu tsarin halitta a ɗakin gwaje-gwaje yadda za su riƙa gane ƙwayoyin sankara, sannan a mayar masa da su jikinsa. A sankarar kaluluwa, wato limfoma, abin da ake koya musu su kama shi ne wani furotin mai suna CD19 da ke jikin ƙwayoyin B, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin na daban, don galibin limfomar manya daga nan take tasowa.

Tarihi

Yawanci ana danganta farkon abin da Zelig Eshhar na cibiyar Weizmann a Isra'ila wajen 1989, wasu kuma na kai shi ga masu bincike a Japan a 1987. Ƙwayoyin CAR-T na farko-farkon nan dai ba su yi wani tasiri ba, suna gane sankarar amma ba sa daɗewa a jiki, sai da Michel Sadelain da abokan aikinsa a New York suka ƙara musu sashen wani furotin mai suna CD28 wajen 2002 wanda ke sa su hayayyafa su kuma jure, to nan fa abin ya fara kankama. A 2010 James Kochenderfer da Steven Rosenberg na cibiyar binciken sankara ta ƙasar Amurka suka ba da rahoton wani mai limfoma da ciwonsa ya ja da baya sosai bayan an yi masa. Wani gwajin maganin a kan marasa lafiya mai suna ZUMA-1 shi ya buɗe ƙofa, an yi wa mutum 101 waɗanda kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, ya riga ya gaza a kansu, kashi 54 cikin ɗari ciwon ya ɓace gaba ɗaya a hoto, kuma fa mutane ne da a da watanni kawai ake ƙirga musu, bayan shekara 5 kusan kashi 43 na nan da ransu. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da maganin CAR-T mai suna Yescarta a Oktoba 2017, sai ire-irensa suka biyo baya, Kymriah ya samu izinin limfoma a 2018, Tecartus a 2020, Breyanzi a 2021.

Yadda ake yi

Mara lafiya zai zauna awa 3 zuwa 6 jini na fita ta jijiya ya bi ta na'ura ta tace ƙwayoyin ta dawo masa da sauran. Gyaran ƙwayoyin a ɗakin gwaje-gwaje kan ɗauki sati 2 zuwa 4, jiran nan ne mai wuya domin ciwon ba ya jira. Sai kemo na kwana 3, sannan a kawo ƙwayoyin a 'yar jaka a daskare a narkar a ɗaura masa kamar ƙarin ruwa, cikin rabin awa an gama.

Illoli

Babba ita ce tayar da garkuwar jiki fiye da kima, zazzaɓi mai zafi, jini ya sauka, numfashi ya yi wuya, ana ba da wani magani mai suna tocilizumab don kwantar da ita. Akwai kuma taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa kullum nas za ta miƙa wa mara lafiya biro ya rubuta jimla guda, in rubutun ya fara karkacewa an san da matsala tun kafin magana ta sarƙe. Lafiyayyun ƙwayoyin B ma suna mutuwa tunda su ma suna da CD19, sai saurin kamuwa da cuta. A 2024 FDA ta sa a rubuta gargaɗi kan yiwuwar sabuwar sankarar ƙwayoyin T, ana dai muhawara kan girman haɗarin.

Kuɗi

Yescarta ya fito a kan dala 373,000 ban da kuɗin kwanciya asibiti, abin takaici ne gaskiya. Indiya ta amince da nata, NexCAR19, a 2023, kuɗinsa wajen kashi 10 cikin ɗari na wannan.