Waiwaye: Kwamfuta a Aji, Daga Ƙidayar Na'ura Zuwa Auna Ilimi

Ba yau aka fara ɗora wa na'ura burin gyara makaranta ba. Tun a 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa majigi zai ture littafi daga makarantu. Rediyo ta zo, talabijin ta biyo baya, kowacce da nata alkawarin, littafi kuwa yana nan daram.

Babban yunƙurin zamaninmu ya faro ne a 2005, lokacin da Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100. Tunanin shi ne a danƙa wa yaro na'ura, shi zai koya wa kansa. Uruguay ta rungumi shirin a 2007, kuma zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu tasa. Peru ta sayi sama da 800,000.

A wancan lokacin, yawan abin da aka raba shi ne ma'aunin nasara. A jera yara riƙe da korayen kwamfutoci, jami'ai su yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Da wuya wani ya dawo bayan shekara ya duba ko yaron da ke cikin hoton ya iya raba 12 gida 4.

A Peru ne aka yi wannan tambayar da gaske. Masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka sun bi makarantun karkara 319, inda ƙuri'a ce ta raba waɗanda suka samu na'ura da waɗanda ba su samu ba. Ƙuri'ar nan ita ce ƙashin bayan aikin. In ba ita ba, makarantar da ke fara samun kaya galibi ita ce mai wutar lantarki da ƙwararrun malamai, sai a jingina wa kwamfuta nasarar da ba tata ba. Sakamakon ya fito a 2012: bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa na'urar, sun ɗan ƙara kaifin tunani, amma lissafi da karatu ba su motsa ba. Yawancin makarantun ba su da intanet, horon malamai bai taka kara ya karya ba, kuma darasi ya ci gaba kamar da.

Kuɗi ma bai raba gardama ba. Birnin Los Angeles ya ƙaddamar da shirin raba wa ɗalibai kwamfutar hannu ta iPad na fiye da dala biliyan ɗaya a 2013, ya dakatar da shi a 2014. A 2015 OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta gano cewa ƙasashen da suka zuba dukiya a na'urorin makaranta ba su ga ci gaban a zo a gani ba a karatu, lissafi ko kimiyya.

Duk da haka, ban yarda da masu cewa a tattara komai a ajiye ba. A birnin Delhi na Indiya an gwada manhajar Mindspark, ita ma ta hanyar ƙuri'a. Manhajar takan fara gano ainihin matakin yaro, ta ba shi tambayoyi daidai ƙarfinsa, ko da ɗan aji shida ne mai ilimin aji huɗu, sannan mai koyarwa ya zauna da yaran rukuni-rukuni. Cikin wata huɗu da rabi yaran da suka shiga shirin suka yi wa takwarorinsu fintinkau a lissafi da harshen Hindi. An fara gano matsalar ne, wato aji ɗaya mai matakai barkatai, kafin a nemo na'urar da za ta magance ta.

Yanzu wasu sun fara ja da baya. Faransa ta hana wayar hannu a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018, Sweden kuma ta koma sayen littattafan takarda daga 2023. A shekarar ce rahoton UNESCO ya nuna cewa kayan fasahar koyarwa kan sauya duk bayan wata 36, kuma da yawa daga hujjojin amfaninsu daga bakin masu sayarwa suke fitowa. Abin da ke damuna ke nan ganin manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara shiga aji, alhali kafin a kammala auna ɗaya, kamfani ya riga ya fito da wata.