Hawan Duwatsu daga Legas

Hawan duwatsu yawon buɗe ido ne da mazauna Legas ke yi a lokacin dogon hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Legas shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta bakin teku, ba ta da dutsen kirki, don haka sai an fita zuwa jihohin Ogun, Oyo, Osun ko Ondo. Hutun yakan zo daidai da ɗan tsagaitawar ruwan sama da ake samu a kudu cikin Agusta, ko da yake duwatsun na nan da santsi.

Dutsen Olumo

Shi ne mafi kusa, a tsakiyar Abeokuta, kimanin kilomita 100 daga Legas. Tun daga 2021 jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan na tsayawa a garin, kuma akwai tasha a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, shi ya sa ake zuwa a dawo a yini guda. Ana cewa tsayin dutsen mita 137 ne.

Darajar Olumo ta tarihi ce. Wajajen 1830, lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan rushewar daular Oyo, mutanen Egba ƙarƙashin jagorancin Sodeke suka fake a cikin kogunansa. Har yau ana ganin ƙananan ɗakunan da suka zauna, inda mutum ba ya shiga sai ya sunkuya, da ramukan da mata suka riƙa niƙa barkono a jikin dutsen har suka lotse. Akwai wurin bauta na gargajiya da masu kula da shi. Daga ƙololuwa ana hango kogin Ogun da jajayen rufin kwano na tsohon gari, a ƙasa kuma ga kasuwar Itoku ta masu rinin adire. An sa na'urar ɗaga mutane sama a gyaran 2006, amma wanda ya bi ta ya tsallake rabin abin da ya zo gani.

Duwatsun Idanre

Suna jihar Ondo kusa da Akure, kuma tafiyar tana buƙatar kwana. Mutanen Idanre sun yi ƙarnuka a kan dutsen kafin su sauko ƙasa tsakanin shekarun 1920 da farkon 1930. An saɓa a kan ainihin shekarar. Sun bar tsohuwar fadar Owa (sarkinsu) da kotu da makaranta. An shigar da wurin jerin wucin gadi na wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2007. Matakalar hawa ta haura 600, da wuraren hutawa biyar.

Sauran wurare

Erin-Ijesha a Osun na da magangarar ruwa mai hawa bakwai. Ado-Awaye a Oyo na da tafkin Iyake a saman dutse.

Kwana da guzuri

Kwana a tanti bai yaɗu ba. Yawanci masauki ake kamawa a gari, kuma ba a kwana a dutse sai da izinin mutanen wurin da ɗan jagora. Matafiya kan sa takalmi mai kama ƙasa, su riƙe ruwa da buta da darduma, da kilishi ko dabino. Ana fara hawa da sassafe, a sauko kafin la'asar saboda hadari.