Waiwaye: yadda fitilar mota ta koma abin kashe ido a hanyoyin Damagaram

A tasha, a garaji da fadar shayi, maganar ɗaya ce: fitilun motoci sun yi ƙarfi, tuƙin dare ya zama azaba. Mai kabu-kabu ya ce masu manyan motoci ne ba sa sauke far (hasken nesa) su koma kod (hasken kusa). Direban hanyar Takieta ko ta Magarya ya ce ko an sauke ba ta sauya zane ba, kod ɗin wani ya fi far ɗin wani. Wasu na kiran a hana farar fitila baki ɗaya. Yawanci ana ɗora laifin a kan LED, kamar da shi abin ya zo. Tushen matsalar ya girme LED nesa ba kusa ba.

Tun da aka sa wa mota lantarki ake kukan kashe ido. A 1924 aka fito da ƙwai mai zare biyu, ɗaya na nesa ɗaya na kusa, asalin far da kod ke nan. Faransa ta wajabta fitila rawaya daga ƙarshen shekarun 1930 har 1993, shi ya sa dattawa ke tuna Peugeot 404 da 504 da ido kamar kwaiduwa. Ƙwan halojin ya zo a 1962, samfurinsa mai zare biyu da ake kira H4 a 1971, zenon a 1991, LED wajen 2007. Wannan jerin shi ake yawan kawowa, kuma yana sa a ɗauka ƙarfin ƙwai ne kaɗai ya ƙaru.

Abin da ba a cika waiwaya ba ya faru ne a shekarun 1990, kuma a jikin fitilar ya faru. Tsohuwar fitila gilashi ce mai kauri, mai layi-layi, waɗannan layukan su ke raba haske. Sai masu ƙera motoci suka koma ga fuskar roba garai, mai sauƙin nauyi, da ba ta tarwatsewa idan tsakuwa ta buge ta. Aikin raba haske ya koma kacokan kan kwanon ciki mai sheƙi, wanda aka yanka gida-gida da lissafin kwamfuta. Duk lissafin an gina shi a kan abu guda: zaren ƙwai mai tsawon milimita 5 ko kusa da haka, yana zaune daidai inda aka tsara masa. A cikin H4 akwai ɗan cokalin ƙarfe a ƙarƙashin zaren kod, shi ke tare hasken da zai tashi sama. Idan aka haska bango sai a ga layi tsaf: a kwance ta hagu, inda mai tahowa yake, ya ɗan hau da digiri 15 ta dama, don a hangi mai tafiya ƙasa da amalanke a bakin hanya.

Robar nan tana da siririn shafi mai kare ta daga rana. Motar ta riga ta sha shekaru a Turai ko Amurka kafin ta sauka Kwatano, sannan ta iso nan ta tarar da ranar bazara da yashin hunturu da ke gogar ta kullum. Shafin ya tsage, fuskar ta yi rawaya, ta yi dususu kamar tsohuwar leda. Haske ya daina bin hanyar da kwano ya tsara masa: wanda ke isa gudron ya ragu, wanda ke watsuwa sama ya ƙaru. Direba ya daina gani da kyau, kuma gaskiyarsa ce, don a hanyar Tanut ko Mirya ana iya cin karo da jaki ko saniya a tsakiyar duhu. Sai ya je shago ya ce a ba shi mai ƙarfi. Daga nan gyara ya bar jikin fitila ya koma kan ƙwai, kuma a nan aka yi ɓatan kai.

Da fari ƙwan wat 100 aka riƙa sawa a gurbin mai 55 ko 60. Zafinsa kan narkar da soket, ya ƙone sheƙin kwanon, fitilar ta ƙara dusashewa. A shekarun 2000 sai ga zenon na ɗaurawa mai araha, an yi masa gindi irin na H4 da H7 don ya shiga kowane rami. Zenon na ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 3200, alhali kod ɗin H4 bai wuce 1000 ba, H7 kuma 1500. Ga shi ba shi da zare, tartsatsi ne mai lanƙwasa, wanda siffarsa ba ta dace da lissafin kwanon ba. Motar da aka ƙera da zenon tun asali galibi tana da ƙwallon gilashi da marfin da ke yanke haske, kuma ƙa'idar da Turai ke bi ta ce ƙwan da ya wuce lumen 2000 sai da na'urar daidaita tsayi da kanta da ta wanke fuska. Na ɗaurawa ba ya zuwa da ko ɗaya. LED na ɗaurawa hanyar da zenon ya share ya biyo. Haskensa na fita ta fuska biyu na wani faranti, zare kuwa ta kowane gefe yake haskawa. Idan farantin ya yi kauri ko ya karkace, layin bango ya ɓace, kod ya zama far.

Kaya na ƙara dagula lissafi. A jikin fitilu da yawa an rubuta 1,0%, ma'ana haske ya sauka santimita 10 a kowace mita 10. Motar da ke da mita 2,7 tsakanin tayar gaba da ta baya, idan buhuna suka danne bayanta da santimita 5 kacal, gabanta ya ɗaga da kusan kashi 1,9 cikin ɗari, ya rinjayi saukar 1,0% ɗin nan. Fitilar da ke santimita 70 daga ƙasa za ta kai haskenta santimita 112 a nisan mita 50, daidai idon direban ƙaramar mota. Akwai ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari don wannan, amma a motoci da yawa injinsa ya mutu tuni, ko mai motar bai san amfaninsa ba. Motar da aka ƙera don Ingila ko Japan kuwa haskenta ta hagu yake hawa, kai tsaye cikin idon mai tahowa a hanyarmu. Ga sandunan LED da ake jerawa a goshin manyan motoci da babura, waɗanda ba su da layin yanka ko kaɗan.

A gudun kilomita 90, mota na cin mita 25 a daƙiƙa. Daƙiƙa uku na rashin gani mita 75 ne, kuma idon dattijo ko mai yanar ido ya fi jinkirin dawowa. Ƙurar hunturu da parbiris mai ƙarce na ƙara baza hasken.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A tsayar da mota a fili shimfiɗaɗɗe, baiɗaya, mita 10 daga bango, iskar taya daidai, direba a zaune, maɓalli a kan 0. A auna tsayin tsakiyar fitila, a ja layinsa a bango da alli. Layin kod ya kamata ya faɗi santimita 10 ƙasa da shi, kuma akwai kusoshi biyu a bayan fitila, na sama da ƙasa da na hagu da dama. Idan babu layi sam sai dunƙulen haske, murɗa kusa ba zai yi magani ba: ko ƙwan bai dace ba, ko an sa shi a karkace, ko kwanon ya ƙone. Kada a goge cikin kwano da tsumma, sheƙin zai bi tsumman. Fuskar roba ana wanke ta da sanfefa da ruwa, lamba 800, sai 1500, sai 3000, sannan a fesa sabon shafi mai kare rana. Wanda ya tsallake shafin, cikin ƴan watanni za ta sake yin rawaya.