Shafen Folima a Jikin Zaren Faiba da Kayan Roba

Shafen folima wata siririyar fata ce ta sinadarin roba da ake lulluɓe abu da ita don kare shi daga danshi, ƙarzuwa, zafin rana da matsi. Inda aikinta ya fi muhimmanci shi ne jikin zaren gilashin da ke ɗaukar saƙonnin intanet da kiran waya, wanda masu aikin sadarwa ke kira faiba, sai kuma fuskar kayan roba irin su tabarau da fitilun mota. Wayoyin da aka binne a gefen titunan Bauchi da Gombe, da waɗanda suka ratso teku suka sauka a Legas, irin su Glo-1 a 2009, Main One a 2010 da Equiano a 2022, duk da wannan fata suke daɗewa. Gilashi ne ke ɗaukar haske, amma shafen da ke jikinsa ne ke yanke tsawon ransa.

Dalilin yi wa gilashi sutura

Zaren faiba gilashin silika ne tsantsa. Kaurinsa maikiromita 125 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na milimita, bai wuce gashin kai da yawa ba. A tsakiyarsa akwai 'yar hanya mai faɗin kimanin maikiromita 9 wadda haske ke bi. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, kuma idan an tace shi zai kai saƙo nesa. A 1970 masana uku na kamfanin Corning a Amurka, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka samar da zaren da asarar haskensa ba ta kai desibel 20 a kilomita ba (desibel shi ne ma'aunin raunin da saƙo ke yi a hanya). Yau asarar ta sauko zuwa kimanin desibel 0.2.

Sai dai tsaftar gilashi kaɗai ba ta wadatar. Sabon zaren da aka jawo daga narkakken gilashi ya fi ƙarfe jure ja, amma da zarar ƙwayar ƙura ta goge shi, ƙarfin ya ragu ƙwarai. Tun farkon shekarun 1920 injiniyan Ingila A. A. Griffith ya bayyana cewa ƙananan tsagogin da ido ba ya gani su ne mafarin karyewar gilashi. Danshi kuma yana ƙara ta'azzara lamarin: ruwa na shiga bakin tsagar, ya riƙa kwance ɗaurin da ke tsakanin silikon da oksijin, sinadaran da suka haɗu suka zama gilashin, tsagar ta yi ta tafiya a hankali har zaren ya tsinke, wani lokaci bayan shekaru da binne shi.

Shi ya sa ba a barin zare ya taɓa komai tsirara. A masana'anta ana rataye sandar gilashi a saman wata doguwar hasumiya, a narka bakinta da zafin da ya kai kimanin digiri 2,000, a jawo zaren ƙasa da gudun mitoci masu yawa a daƙiƙa guda. Kafin ya kai ga faifan naɗi sai ya ratsa ta cikin ruwan folima, sannan ya wuce ƙarƙashin fitilun UV (wani haske da ido ba ya gani, wanda akwai shi cikin hasken rana) da ke daskarar da ruwan nan take. Bayan haka ake gwada kowane tsayi na zaren ta hanyar miƙe shi da kimanin kashi 1 cikin ɗari. Duk inda yake da rauni a nan zai tsinke, gara a masana'anta da a ƙarƙashin kwalta.

Hawa biyu na akirilet

Shafen da aka fi amfani da shi na sinadarin akirilet ne, wani nau'in roba, kuma hawa biyu ake yi. Na ciki mai laushi ne, yana manne da gilashi yana shanye matsi. Na waje mai tauri ne, shi ke karɓar gogayya da hannun ma'aikaci. Da su biyun kaurin zaren yake kai wa kimanin maikiromita 250.

Laushin hawan ciki yana da dalili babba. Idan wani abu ya danne zare, ko sanyi ya sa robar waya ta tsuke, ana samun ƙananan lanƙwasa da ba sa ganuwa, kuma ta nan haske ke zurarewa daga hanyarsa. Saƙo ya yi rauni ba tare da zaren ya karye ba, wanda gano irin wannan matsala ya fi gano yankewa wuya. Gwanintar masu haɗa sinadarin ita ce su samar da hawan da zai ci gaba da laushi a cikin sanyi, ya manne da gilashi ko a cikin ruwa, amma kuma ya yarda ya saluɓe tsaf idan an zo jona waya. Waɗannan buƙatu suna karo da juna, kuma yawancin ci gaban da aka samu cikin shekaru arba'in ɗin nan na sasanta su ne. Akirilet na yau da kullum yana aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa kimanin digiri 85.

A kan hawan waje ake shafa launi. Tsarin da aka saba da shi launuka 12 ne, yana farawa da shuɗi, ruwan lemo, kore da ruwan ƙasa, don mai gyara ya san wane zare zai haɗa da wane.

Sababbin sauye-sauye

Sauyin da ya fi tasiri a kasuwa shi ne rage kaurin shafe daga 250 zuwa maikiromita 200 ba tare da an taɓa gilashin ba. Ragin ya yi kama da ƙarami, amma yana ba da damar cusa zaruruwa masu yawa a bututu ɗaya. Da aka haɗa shi da dabarar manna zaruruwa wuri-wuri yadda za su naɗu, an kai ga wayoyi masu zare 3,456, har da masu 6,912, waɗanda manyan cibiyoyin ajiye bayanai ke amfani da su. Siririn shafe yana rage kariya daga matsi, don haka ake haɗa shi da gilashi mai jure lanƙwasa, irin wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idarsa mai lamba G.657 a 2006.

Fitilun daskarwa ma suna sauyawa. Da can masu sinadarin zaiba ake amfani da su. Yanzu na LED suna maye gurbinsu saboda ƙarancin cin wuta da rashin guba.

Akwai kuma shafe na musamman don wuraren da akirilet ba zai rayu ba. Foliyimaid yana jure zafin kimanin digiri 300. Siririn shafen kabon yana toshe ruwa da iskar haidirojin, wadda idan ta shiga gilashi takan dusashe shi. Irin waɗannan zaruruwa ake zurawa cikin rijiyoyin mai don auna zafi daga sama har ƙasa, fasahar da ta shafi duk yankin da ke da aikin haƙar mai, kamar filin Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2022. Inda zafi ya wuce ƙarfin folima, sai a koma shafen alminiyom ko zinariya.

Fuskar kayan roba

Folikabonet, wanda aka gano a 1953, roba ce garau mai wuyar fashewa, shi ya sa ake yin fitilun mota da tabarau da ita. Aibinta biyu ne: tana ƙarzuwa cikin sauƙi, rana kuma tana cin ta. Maganin shi ne shafe mai tauri na dangin silikon ko akirilet, haɗe da sinadarin da ke tare hasken UV. Duk wanda ya lura da motoci a tashar Gombe ko ta Bauchi ya ga fitilun da suka koma rawaya suka yi hazo-hazo. Wannan alama ce cewa rana da ƙurar hunturu sun cinye shafen. Masu gyara kan goge fitilar da sanfefa mai laushi har ta yi ƙal, amma gugar tana kwashe ragowar shafen ne gaba ɗaya. Idan ba a sake fesa wani mai tare rana ba, rawayar takan dawo cikin 'yan watanni, kuma direban da ke tafiyar dare shi ke ɗaukar haɗarin.

Wasu robobin kuwa matsalarsu ƙin karɓar shafe ne. Fuskar leda ba ta riƙe tawada, don haka kafin a buga rubutu a jikin ledar fiya wata sai an wuce da ita ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki da ke sauya samanta. A tabarau kuma akan jera hawa-hawa: mai tauri, mai rage ƙyalli, da mai hana maiƙo zama. Wannan na ƙarshe yawanci yana ɗauke da sinadaran fulorin, waɗanda dangoginsu ba sa ruɓewa a muhalli, kuma neman madadinsu na cikin abin da masu bincike suka fi mayar da hankali a kai yanzu.

A fagen aiki

A Bauchi da Gombe zafi kan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sannan damina ta cika ramukan waya da ruwa. Baƙar rigar wajen waya, wadda ake haɗa robarta da garin kabon don ta jure rana, ita ke karɓar dukan farko, shafen akirilet kuma na can ciki. Lokacin da ya fi shiga haɗari shi ne ranar gyara, bayan aikin hanya ko na magudanar ruwa ya datse waya. Mai jona faiba yakan saluɓe shafen da wata almakashi mai ƙaramin rami, ya goge gilashin da auduga da alkohol har sai ya ji yana ƙara, ya datse bakinsa daidai, sannan ya sa bakunan biyu cikin na'urar da ke narkar da su su haɗe. Daga nan ya jawo 'yar rigar roba mai ƙarfe a ciki, wadda ya riga ya zura a zaren tun kafin haɗawa, ya gasa ta ta tsuke a kan mahaɗar. Tsakanin saluɓewa da rufewa gilashin tsirara yake, don haka ƙwararru ba sa yarda su yi wannan aiki a buɗaɗɗen wuri lokacin hazo. Cikin mota ko tanti suke shiga. Almakashin da bakinsa ya lalace kuwa yana barin ƙarzuwa a jikin gilashin, kuma mahaɗar da aka yi da shi na iya wuce gwaji a ranar, ta tsinke bayan damina ɗaya ko biyu.