Tambayoyi da amsoshi: Su wa suka zauna a San-Luwi, garin Faransawa na farko a Senegal?

Ina garin yake, kuma me ya kawo Faransawa?

Tsibiri ne siriri a bakin kogin Senegal, Wolofawa na kiransa Ndar. Faransawa sun kafa sansani a can a 1659, ba don noma ba, don fatauci: ƙaro, bayi, zinariyar ƙasar Bambuk da hauren giwa. Kamfanin da sarkin Faransa ya ba izini shi ke riƙe da cinikin.

Ashe Turawa ne ke saman kowa?

A takarda, ƙwarai. Akwai shugaban kamfani ko gwamna, da akawuna, da sojoji. Amma tsiraru ne, kuma zazzaɓin cizon sauro da ciwon shawara suna kwashe su, musamman da damina. Wanda ya tsira ma yakan yi 'yan shekaru ya koma gida. Mutumin da bai jin Wolof, bai san kogi ba, dole ya jingina da 'yan gari.

Su wane ne 'yan garin?

Su ne ake kira abitan, wato masu gida da dukiya a tsibirin. Wasu ruwa-biyu ne, wasu baƙar fata 'yantattu. Manyansu Katolika ne, kodayake Musulmi sun fi yawa a garin. Su ne tafintoci, su ne dillalai tsakanin kamfani da sarakunan bakin kogi. Tun a ƙarni na 18 daga cikinsu ake naɗa magajin gari, kuma a 1789 sun aika wa Faransa takardar koke a kan babakeren da kamfani ya yi wa ciniki.

Ina matsayin matan da ake kira sinyar?

Nan ne ƙarfin garin yake. Sinyar su ne 'yan matan gari da Turawa ke aura. Bature yakan nemi 'yar gari bisa al'adar wurin: ya kai dukiyar aure ga iyaye, a yi biki, ya ba ta gida. Auren na nan har ranar da Baturen ya mutu ko ya shiga jirgi ya koma Faransa. Daga nan gida, bayi da zinariya sun zama nata, 'ya'ya su ci gaba da amsa sunan uba, ita kuma tana iya sake aure. Ranar fita coci ko biki, za ka ga sinyar da ɗankwali ɗaure sama kamar hasumiya, kuyangi na biye da ita sanye da gwalagwalanta. Ado ne, amma kuma shaida ce ga duk mai son ba ta bashi cewa akwai abin biya.

To bayin fa?

Su suka fi kowa yawa a tsibirin, kuma kashi biyu ne. Akwai bayin fatauci da ake tsarewa kafin a tura su ƙetaren teku. Akwai kuma bayin gida, waɗanda bisa al'ada ba a sayar da su waje sai da babban laifi. Iyayen gijinsu na ba kamfani hayarsu a matsayin kafintoci, magina da ma'aikatan jirgin ruwa da ake kira lafto, su karɓe kaso mai tsoka na ladan.

Aikin lafto ba wasa ba ne. Idan kogi ya cika wajen watan Yuli, ayarin jirage kan tashi zuwa ƙasar Galam, can saman kogin. Inda iska ta ƙi, sai su sauka su ja jirgi da igiya daga gaɓa. Mata na cikin tafiyar suna dakan gero da girki. Dole a juyo kafin ruwa ya janye, in ba haka ba jirgi ya kafe a yashi.

Me ya rushe wannan tsari?

Abu biyu. Manyan 'yan kasuwar birnin Bordo na Faransa sun shigo cinikin ƙaro da jari mai yawa, suna ba dillalan gari shuɗin yadin Indiya bashi, da yawa suka nutse cikinsa. Sannan a 1848 Faransa ta soke bauta a yankunanta. An biya masu bayi diyya, amma kuɗin hayar bayi da gidajen sinyar suka dogara da shi ya yanke.